Zan koyi nutso da tukunyar iska: yaya zan gane malamin ƙwarai?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan Sakkwato ne, a Mabera nake, kuma tun ina yaro nake iyo a gulbin Rima wajen Kwalkwalawa. Zan tafi Masar karatu, ina so in yi amfani da hutu in koyi nutso irin na masu goya tukunyar iska a Bahar Maliya. Na duba intanet na tarar da makarantu barkatai a Hurgada da Dahab, kowa na yabon kansa, wani ma ya ce kwana biyu sun isa in karɓi katin shaidar iya nutso. Ta yaya zan tantance?

Amsa: Wa alaikumus salam, ƙanena. Iyon da ka iya zai yi maka rana, domin kafin a ba ka kati sai ka yi iyon mita 200 ba tsayawa, ka kuma yi minti 10 kana yawo a saman ruwa ba ka dafa komai ba. Amma akwai ɗabi'ar ɗan gulbi da za ka bari a gida. Mu nan, kamar Sarkawa da masuntan Argungu, cika ƙirji muke da iska, mu riƙe, mu nutse. Da tukunya a baya, wannan riƙon shi ke kisa. A zurfin mita 10 matsin da ke kanka ya ninka na tudu, saboda haka iskar da ka shaƙa a can za ta kumbura ninki biyu kafin ka iso sama. In ka toshe mata hanya, huhu ne zai yage. Duk malamin da ya ji ka iya iyo ya ce maka "ai kai ka gama," ka ɗauki takalminka.

Maganar takarda ba ta da tsawo. Ka nemi katinsa na PADI ko SSI ko CMAS, wato ƙungiyoyin da ke ba da shaidar nutso, ka duba lambarsa, ka tabbatar ya sabunta ta bana, kuma shi malami ne mai ikon ba da shaida, ba ɗan rakiyar masu nutso ba. Kati dai lasisi ne, kuma ka san direba nawa ke da lasisi a hanyar Gusau.

Abin da ya fi nuna maka mutum shi ne yadda ya ɗauki takardar lafiya. Za a tambaye ka asma, farfaɗiya, ciwon zuciya, ciwon kunne, ciwon jini. Mu a ƙasarmu sikila ba baƙuwa ba ce, kuma likitocin nutso galibi ba sa barin mai ita ya shiga. In malami ya miƙo maka biro ya ce rubuta "a'a" tun daga sama har ƙasa don a wuce wurin, kuɗinka yake so. Na ƙwarai zai tura ka wurin likita ko da hakan ya sa ciniki ya kuɓuce masa.

Kwana biyun nan kuwa, lissafa da kanka. A tsarin PADI akwai karatu da jarrabawa, darasi 5 a kududdufin wanka ko ruwa marar zurfi, sannan nutso 4 a teku waɗanda su kaɗai sai an raba su kwana biyu, kafin a yarda ka kai mita 18. Kwana uku zuwa huɗu aka saba. Wataƙila ma nutson ɗanɗano yake tallata maka, wanda ba ya wuce mita 12 kuma ba kati a ƙarshensa. Ka tambaye shi ɗalibi nawa zai shiga ruwa da su. Ƙa'ida ta yarda har takwas, ni dai ba na so su wuce huɗu.

In da hali, ka je kwana guda kafin ka biya, ka zauna bakin kududdufi ka kalle shi da wasu. Jira darasin cire gilashin fuska a ƙarƙashin ruwa, nan ake gane malami. Ruwa na taɓa hancin ɗalibi sai ido ya raina fata, ya nemi zabura sama. Malamin kirki yana gabansa, hannu ɗaya riƙe da falmaran nutso da ke jikin ɗalibin, yana yi masa alamar numfashi a hankali, a maimaita sau biyar in ta kama, ba tsawa ba duba agogo. Ni kaina, a nutsona na biyu, kunnena na dama ya ƙi buɗewa tun a mita huɗu. Na nuna wa malamin, ya yafito ni in ci gaba da sauka don sauran suna jira. Na bi, na fito da jini a gilashi, na yi sati biyu ina ji kamar an cusa min auduga. Abin da ya kamata shi ne ya ɗago ni sama kaɗan, in toshe hanci in hura a hankali, in ya ƙi a haƙura da ranar.

Ka duba kaya. Tukunya tana da hatimin ranar da aka gwada ta a kafaɗarta. Ka shaƙi iskar tun a tudu; in ka ji warin mai ko hayaƙi, kada ka shiga da ita. Af, iska ce irin wadda muke shaƙa aka matse a ciki, matsinta ya kai wajen ninki 200 na iskar tudu, ba oksijin na asibiti ba kamar yadda mutane ke zato. Oksijin na gaggawa daban ne, dole ya kasance cikin jirgin ruwa. Ka ce ya nuna maka, ka kuma tambaye shi ina ɗakin matsin iska mafi kusa, inda ake kai wanda naitirojin, wani ɓangare na iskar da muke shaƙa, ya yi wa kumfa a jini saboda saurin hawowa. Wanda ya san aikinsa ba zai yi inda-inda ba.

Kada ka sa darasin cikin azumi, ƙarancin ruwa a jiki yana ƙara haɗarin kumfar nan. Sannan in jirgin sama za ka bi zuwa Alƙahira, ka bar aƙalla awa 18 tsakanin nutsonka na ƙarshe da tashi, ka sayi tikitin da wannan lissafin.