Mota tana kakkarwa a silo, ba ta kuma ja a hawa: shin sai an sauke inji?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Na sayi mota ta hannu ƙirar 2008, mai silinda huɗu, mai shan fetur ta nozul, wadda ta yi tafiyar kilomita kusan 190,000. Idan na tsaya tana silo sai jikinta ya riƙa kakkarwa, allurar inji tana hawa tana sauka kamar za ta mutu. Idan kuma na zo hawa sai in take totur har ƙasa, amma ba ta ja. Fitilar inji a kunne take, a hawan ma takan riƙa ƙiftawa. Bakanike ya canza filogi, ya wanke nozul, ta yi sauƙi na kwana biyu, sannan matsalar ta dawo. Yanzu ya ce sai an sauke inji an sa ringi. Shin in yarda?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Kada ka yarda a sauke injin tukuna, domin a cikin duk abin da ka faɗa babu inda aka auna wani abu, alhali cinyewar ringi, wato zoben fistan da ke tsare matsin silinda, abu ne da ake tabbatar da shi da ma'auni cikin ƙasa da sa'a ɗaya ba tare da an kwance injin ba. Mai yiwuwa bakaniken ya yi daidai, amma a yanzu zato kawai yake yi, kuma zaton nasa ya faɗa kan gyaran da ya fi kowanne wahala.

Abin da ya fi jan hankalina a tambayarka shi ne ƙiftawar fitilar. Idan fitilar inji ta tsaya a kunne, kwamfutar motar tana sanar da kai cewa ta ga wani kuskure ta ajiye shi. Idan kuwa tana ƙiftawa, ma'anarta ita ce akwai silindar da ba ta ƙona mai, abin da masu gyara ke cewa mota tana misin, kuma misin ɗin ya kai matakin da zai lalata katalis, wato tukunyar da ke tace hayaƙi a jikin salansa. Man da bai ƙone ba yana fita ta salansa, ya je ya kama wuta a cikin katalis, zafin ya narkar da ƙananan ramukan da ke cikinsa masu kama da saƙar zuma, hanyar hayaƙi ta toshe. Saboda haka idan ta fara ƙiftawa ka sassauta totur, kuma ka rage hawan motar har sai an gano dalili. Silinda ɗaya cikin huɗu idan ta daina aiki ta isa ta kawo kakkarwa da rashin ja a lokaci guda, domin an rasa aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarfin injin.

Matakin farko shi ne a jona wa motar na'urar karanta kwamfuta. Tsarin OBD-II, wanda ke ba da damar jona irin wannan na'ura, ya zama wajibi ga motocin da ake sayarwa a Amurka tun 1996, a Turai kuma ga motocin fetur tun 2001, don haka ana sa ran mota ta 2008 tana da wurin jona na'urar a ƙarƙashin sitiyari. A rubuta lambobin kafin a goge su. P0301 zuwa P0304 suna nuna silindar da ke misin, P0300 yana nuna misin ɗin yana yawo tsakanin silindoji, P0171 yana nufin iska ta rinjayi mai, P0172 kuma akasin haka, yayin da P0420 ke cewa katalis ya daina aikinsa yadda ya kamata. Sai dai lamba ba ta cewa a sayi kaza. Tana nuna inda kwamfuta ta ji ciwon ne kawai, kuma mutane da yawa sun canza sanso mai lafiya saboda sunansa ya fito a allon na'ura, alhali shi rahoto kawai ya kawo.

Sauƙin kwana biyun nan da motar ta yi shaida ce mai daraja, kuma zan ɗan tsaya a kanta. Sabon filogi yana buƙatar ƙarancin ƙarfin wuta kafin ya yi tartsatsi, saboda haka kwayil, wato abin da ke ba filogi wuta, da ya fara gajiya yakan iya tafiyar da shi na ɗan lokaci, sannan ya sake gazawa, musamman a hawa, inda matsin cikin silinda ke ƙaruwa tartsatsin ya yi wuyar tsallakawa. Haka nan idan akwai abin da ke ɓata filogi, kamar baƙin mai ko fetur mai yawa, sabon zai yi aiki har zuwa ranar da shi ma ya ɓaci. Don haka a kwance sababbin filogin, a jera su bisa tsarin silindojinsu, a duba bakinsu. Launin toka-toka ko ruwan ƙasa mai haske lafiya ce. Busasshen baƙi kamar kunkunniya yana nuna mai ya yi yawa ko wuta ta yi rauni, baƙi mai maiƙo yana nuna baƙin mai na shiga silinda, wanda kuma ya fito fes kamar an wanke shi a cikin sauran yana sa a zargi ruwan lagireto. A leƙa ramin filogin ma, domin robar murfin saman inji idan ta tsufa takan zubo baƙin mai a ramin ya jiƙa kwayil.

Gwajin kwayil ba ya buƙatar sayen komai. Idan lambar ta nuna silinda ta 2, a musanya kwayil ɗinta da na silinda ta 3, a goge lambar, a tuƙa motar. Idan misin ya koma ta 3, an kama mai laifi. Idan ya tsaya a ta 2, sai a yi irin wannan musanya da filogi, sannan da nozul, kuma idan duk da haka bai gusa ba, zargi ya koma cikin silindar kanta.

Idan kuwa lambar da ta fito P0171 ce ko P0300, sai a juya wajen iska da mai. Injin fetur yana son kusan kashi 14.7 na iska a kan kashi 1 na mai bisa nauyi, kuma na'urar tana nuna yadda kwamfuta ke ƙara mai ko rage shi don ta riƙe wannan daidaito. Irin wannan gyaran na kwamfuta idan ya wuce kashi 10 cikin ɗari abin bincike ne. Idan yana da yawa a silo amma ya ragu da an ɗaga injin zuwa juyi 2,500 a minti, to iska ce ke satar hanya ta tsagaggen tiyo, ko gasket ɗin manifol (bututun da ke raba iska ga silindoji), ko bawul ɗin numfashin inji, domin a silo iskar da inji ke ja kaɗan ce, ɗan rami ma yana rikita ta. Idan kuma gyaran yana ƙaruwa ne yayin da ake take totur, to mai ne ba ya isa, ko sanson da ke auna iska ya yi datti yana ƙirga ƙasa da gaskiya. A nan sai a auna matsin famfon mai, wanda a yawancin injinan da ke fesa mai a bakin bawul yake tsakanin 3 zuwa 4 a ma'aunin matsi na bar, kuma a auna shi lokacin da injin ke ɗauke da nauyi, domin famfo mai rauni yakan ciyar da silo lafiya lau ya kasa a hawa. Bawul ɗin EGR, mai mayar da ɗan hayaƙi cikin inji, idan gawayi ya maƙale shi a buɗe shi ma yana lalata silo, kuma kwance shi a duba ba wani aiki ba ne.

Yanzu ga maganar ringi. Ana dumama injin, a cire filogi duka, a kashe wuta da mai, a buɗe totur gaba ɗaya, sannan a auna matsin kowace silinda. Abin lura shi ne bambancin da ke tsakaninsu, wanda bai kamata ya wuce kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari ba. Idan ɗaya ta yi ƙasa, a zuba mata baƙin mai kamar cikin ƙaramin cokali a sake aunawa. Idan matsin ya tashi sosai, ringi ne ko bangon silinda, kuma bakanikenka ya yi gaskiya. Idan bai motsa ba, bawul ne ya ƙone ko ba ya zama daidai, wanda aikin kan inji ne kawai. Silinda biyu maƙwabtan juna da suka faɗi tare suna nuni ga gasket ɗin kan inji, idan kuma duka huɗun sun yi ƙasa daidai wa daida, a duba taimin, wato daidaiton lokacin buɗewar bawul da juyin inji, kafin komai, domin bel ko sarƙa da ta tsallake haƙori ɗaya tana kawo dukan alamomin da ka ambata. Injin da ringinsa ya cinye har ya rasa ƙarfi yawanci yana shan baƙin mai, yana fitar da shuɗin hayaƙi, yana kuma huro iska mai yawa ta murfin zuba mai, kuma ba ka ambaci ko ɗaya daga cikinsu ba.

Ko da an gano dalilin misin an gyara, ina ba ka shawara a gwada katalis, tunda motar ta daɗe tana ƙifta fitila. A jona ma'aunin zuƙar iska a manifol. Lafiyayyen inji a silo yana nuna inci 17 zuwa 21, allurar a tsaye, ko da yake adadin yana raguwa a wurare masu tudu. A riƙe injin a juyi 2,500, idan allurar ta riƙa zamewa ƙasa a hankali, hayaƙi ba ya samun mafita. Wasu suna kwance sanson hayaƙi na gaba na ɗan lokaci don su ga ko ƙarfi zai dawo, amma gajeren gwaji ne, domin hayaƙin da ke fitowa ta ramin yana iya ƙona wayoyi. Idan ya tabbata ya toshe, kada a sa sabo kafin a kawar da misin ɗin, in ba haka ba sabon ma zai narke.

Abu ɗaya kuma da ba na so a yi maka shi ne a ɗaga silo don kakkarwar ta ɓuya. Idan bayan gyara injin ya daidaita a tsakanin juyi 600 zuwa 900, allura ba ta rawa, amma har yanzu kana jin girgiza a sitiyari da kujera idan ka sa giya ka take birki, to robobin da injin ke zaune a kansu ne suka mutu, kuma canza su ba ya buƙatar a taɓa cikin injin. Idan ka sami lambobin na'urar da sakamakon awon silindojin huɗu, ka aiko mini da su tare da bayanin launin kowane filogi.