Hukuncin haɗa ƙarin wasannin bidiyo a filashi a sayar

Tambaya: Assalamu alaikum, Allah shi gafarta Malam. Ina da ɗan shago a Mabera, ina gyaran PlayStation, ina kuma zuba wa mutane wasanni. Yanzu mafi yawan cinikina ƙarin da ake ɗora wa wasa ne, kamar facin wasan ƙwallon nan na PES, wato fayil mai sabbin 'yan wasa da rigunan kakar bana, da ƙarin taswira ko sabon labari na wasu wasannin. Nakan tattara su a filashi guda in sayar naira 3,000, har masu shaguna a Tambuwal da Illela suna aikowa a karɓar musu. Wasu kyauta na same su a intanet, wasu kuwa na san kamfani sayar da su yake yi, fasa su aka yi. Akwai kuma masu ba ni kuɗi in saya musu kwalin 'yan wasa, wanda ake saye a cikin wasa ba a san ɗan wasan da zai fito ba. Wani abokina ya ce duk kuɗin haram ne, wani ya ce ai dukiyar kafirai ce, ba komai. Da wannan sana'a nake ciyar da mahaifiyata. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Allah ya yi maka albarka, ɗana, ya bar maka mahaifiya cikin lafiya. Abokanka biyu duk sun yi gaggawa. Filashinka kamar buhu ne da aka zuba wa hatsi iri-iri, ba a yanke masa hukunci sai an zazzage shi an ga abin da ke ciki.

Wasan kansa ba zan tsawaita a kansa ba. Wasan ƙwallo na na'ura, in babu caca a ciki, bai sa an bar salla ta fita lokacinta ba, bai hana ɗalibi karatu ko magidanci neman abinci ba, abin da nake gani shi ne halal ne, ko da yake barin yawaita shi ya fi. Wasan da ke ɗauke da tsiraici, ko sujada ga gunki, ko wulaƙanta addini, shi da ƙarinsa duk ba a sayar da su. Allah ya ce kada ku taimaki juna a kan zunubi da ƙetare haddi, a aya ta 2 ta Suratul Ma'ida.

Mu fara da facin da aka saki kyauta. Kamfanin Konami da kansa ya buɗe ƙofar gyaran sunaye da riguna a PES, ya kuma ba da damar shigo da fayil ta filashi a PS4. Tun da ya sauya wa wasan suna zuwa eFootball a 2021, masu son tsohon ne suke zama su sabunta 'yan wasa su saki a intanet. Sauke irin wannan da ɗora wa mutum shi aiki ne na halal, kuɗin da ka karɓa kuwa ladan aiki ne, babin ijara ke nan. Ka sayi data, ka ƙona man janareta, ka zauna ka gwada har ya hau, ka san abin da mai na'urar bai sani ba. Sai dai ka duba sharaɗin mai shi. Da yawansu sukan rubuta cewa ba na sayarwa ba ne, kuma kada a cire sunansu. Annabi (SAW) ya ce Musulmi suna kan sharuɗɗansu, kamar yadda Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito. To ka faɗa wa mai saye a fili: kuɗin filashi ne da na wahalata, fayil ɗin na wane ne. Kada ka goge sunan wanda ya kwana yana zana riguna ka manna na shagonka. Wannan yana yi mini ciwo idan na gani, domin cin guminsa ne da ƙarya a haɗe. In kuma mai facin sayar da shi yake yi, ka sayi ɗaya ka raba wa mutum ɗari, to ya koma kashi na biyu.

Kashi na biyun shi ne wanda kamfani ya sa wa farashi, wani ya fasa makullinsa ya watsa. Wannan bai halatta ka sayar ba, bai halatta ka karɓi lada a kan ɗora shi ba. Na san shubuhar da ke zuwa wa mutane a nan: ai ba a ɗauke komai ba, kwafi aka yi, nasu yana nan. Magabatan Hanafiyya ma sun taƙaita dukiya ga abin da ake iya riƙewa a ajiye. Amma Malikiyya da Shafi'iyya da Hanabila suna ƙidaya amfani a matsayin dukiya, shi ya sa wanda ya shiga gidanka ya zauna shekara ba da izininka ba, ba zai tsira da cewa ai bai ciri ko bulo ɗaya ba. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta zauna a Kuwait a watan Disamba na 1988, ta fitar da ƙuduri mai lamba 43, cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira da alamar kasuwanci mallakin masu su ne, suna da ƙima ta kuɗi, shari'a ta kare su, bai halatta a ƙetare su ba. Wasu malaman zamani sun yi sauƙi ga ɗalibin da ya kwafi littafi ko manhaja don kansa saboda rashin hali, amma wannan sauƙin bai kai ga mai kwafa ya buɗe shago ba. Dokar ƙasa ma, Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022 da aka sa wa hannu a watan Maris na 2023, ta hana, kuma ba ta saɓa wa shari'a a wannan ba.

Maganar dukiyar kafirai kuwa, ka gaya wa abokinka ya ji tsoron Allah. Kafircin mutum ba ya halatta dukiyarsa ga wanda ke zaman amana da ciniki da shi. Daren hijira Annabi (SAW) ya bar Sayyidina Ali a Makka don ya mayar wa Ƙuraishawa ajiyarsu, alhali su ne suka kewaye gidan da takubba. Mugira ɗan Shu'uba, kafin ya musulunta, ya yi tafiya da wasu mutane ya kashe su ya kwashe dukiyarsu, sannan ya zo Madina. Annabi ya ce masa Musuluncin na karɓa, dukiyar kuwa ba ruwana da ita. Buhari ne ya ruwaito a hadisin Hudaibiyya.

Yanzu sai in zo inda na fi so ka saurara, wato haɗa su wuri guda. Kana iya cewa, to Malam, filashin nan kashi takwas cikin goma na kyauta ne, biyu kaɗai ne fasassu, sai in cire kuɗin biyun. A mazhabarmu ba haka abin yake ba. Shehu Halilu, da yake lissafa sharuɗɗan abin sayarwa a Muhtasar, ya ambaci rashin haramci ko da a sashensa ne. Mashhurin zance a wurin Malikiyya shi ne ciniki ɗaya da ya haɗa halal da haram a farashi ɗaya, kuma an san da haka, ɓatacce ne gaba ɗayansa. Wasu mazhabobi suna raba cinikin su inganta ɓangaren halal, amma kai da kanka kake haɗawa, kai kake sa farashi, babu larurar da ta tilasta ka. Fayil biyu suna ɓata maka kuɗin takwas. Ka fitar da su, sauran ya tsarkaka.

Sannan akwai sanin abin da ke cikin ƙunshin. Ibnu Abi Zaidin ya faɗa a Risala cewa duk ciniki ko ijara ko haya da ke da garari, wato rashin tabbas, a kuɗi ko kaya ko lokaci bai halatta ba. Mai shagon Illela yana aiko kuɗi bai ga komai ba, filashi ne a rufe. Nan fiƙihun Imamu Malik ya yi mana gata tun kafin a san wutar lantarki. A Muwaɗɗa akwai babin sayarwa a kan barnamaj, wato takardar da ake rubuta abin da ke cikin dilar tufafi: guda nawa, wane iri, wane tsawo. Malik ya halatta a sayi dilar ba tare da an kwance ta ba, cinikin ya lazimci mai saye muddin kayan sun dace da abin da aka rubuta. 'Yan kasuwar atamfa a Babbar Kasuwa sun san wannan a aikace. To kai ma ka yi wa filashinka barnamaj. Ka rubuta a takarda ko ka tura ta WhatsApp kafin a biya: faci kaza, na kakar kaza, na PS3 ne ko PS4 ko kwamfuta, yana cin wuri kaza, yana buƙatar a sabunta wasan zuwa mataki kaza. Ka fi ni sanin cewa ƙarin da aka saya a akawun ɗin Amurka ba ya hawa kan faifan yankin Turai. In ka san haka ka yi shiru har mutum ya biya, ka shiga cikin hadisin Muslim, ranar da Annabi (SAW) ya cusa hannu cikin tarin abinci ya ji danshi a ƙasa, ya ce wanda ya yi algus ba ya tare da shi. Haka in ka san facin yana goge ajiyar wasan mutum, ko fayil ɗin yana ɗauke da cutar kwamfuta. In kaya suka saɓa wa takarda, mai saye yana da zaɓin mayarwa, ka ba shi kuɗinsa ba gardama.

Wani ɗan tsokaci: rigunan wasu kulob suna ɗauke da tallan caca ko giya a ƙirji. Wannan mabiyi ne, ba shi ake saye ba, don haka ban ce ya ɓata cinikin ba. Amma tun da hannunka ya iya gyara, ka goge shi a na shagonka, yara ne suke kallo.

Masu ba ka kuɗi ka saya musu ƙari daga shagon kamfani, wannan wakilci ne da lada, halal ne. Ka bayyana nawa katin ya ci, nawa ne la'adarka, ko kuma ka sayi katin da kuɗinka ka sayar a farashi sananne. Ƙarin ya shiga akawun ɗin mai shi. Sayen ƙari ɗaya a akawun ɗinka ka riƙa sayar wa mutane mabuɗin shiga ya saɓa wa sharaɗin da ka amince da shi ranar da ka buɗe akawun, kuma ranar da aka rufe shi kuɗin mutane ya tafi.

Kwalin 'yan wasa dabam ne. Mutum ya biya kuɗi sananne a buɗe masa abin da bai sani ba, ko gwarzon ɗan wasa ya fito ko tarkace, ya sake biya yana fatan sa'a. Wannan shi ne garari tsantsa, ɗan'uwan cinikin jefa tsakuwa da Annabi (SAW) ya hana a hadisin Abu Huraira, kuma ƙofar caca ce. Ko Beljiyam, da ba shari'a take bi ba, hukumarta mai kula da caca ta sa irin waɗannan kwalaye cikin caca a 2018, har kamfanin EA ya daina sayar da makin da ake sayen kwalayen da shi a wasansa na FIFA a can a farkon 2019. Kada ka zama wakili a kansa. In ɗan wasan ko rigar sanannu ne, farashi sananne, babu laifi.

Abin da ya wuce kuma, kada ka ɗora wa kanka abin da ya fi ƙarfinka. Kuɗin gyara da na facin kyauta naka ne. Abin da mahaifiyarka ta ci babu komai a kanta. Ka tuba, ka goge fasassun daga ma'ajiyarka a yau, ka sanar da mutanen Tambuwal da Illela cewa ƙunshin ya sauya. Ka kintata ribar da ka samu daga fasassun tun ranar da ka san matsayinsu, tun da mayar wa masu haƙƙin ba ya yiwuwa a gare ka, ka riƙa fitar da ita kaɗan-kaɗan ga mabuƙata gwargwadon hali, ba tare da ka taɓa abincin gida ba. In ka rubuta barnamaj ɗin farko, kawo mini bayan la'asar mu duba shi tare.

Wallahu a'alam.