Na danna "na amince": shin duk sharaɗin kamfanin manhaja ya hau kaina?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ni direba ne, ina ɗaukar fasinja ta manhajar waya. Ranar rajista na danna "na amince" ban karanta sharuɗɗan ba saboda tsawonsu. Daga baya kamfanin ya ƙara kamashon da yake cira ba tare da shawararmu ba. Suna cewa mu masu zaman kanmu ne, amma in na ƙi karɓar aiki sau da yawa sai a rage turo mini fasinja, wani lokaci a rufe asusuna. Shin duk wannan ya hau kaina? Kuma ya halatta in sa fasinja ya soke tafiyar a manhaja ya ba ni kuɗin a hannu?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah ya sa albarka a neman ka, ɗan'uwa.

Asalin aikin halal ne, ijara ce. Ƙarin kamasho kuwa, in an sanar da kai, kuma kana ganin abin da zai shigo hannunka kafin ka karɓi tafiya, to kowace tafiya sabon ƙulli ce, wato sabuwar yarjejeniya, karɓarka yarda ce. Amma ba ya komawa kan aikin da ka riga ka gama. In kuma an ɓoye maka ladan har sai ka sauke fasinja, rashin sanin lada ya shiga ƙullin, kuma haƙƙinka shi ne ladan da ake ba irinka a irin wannan aiki.

Inda hukuncin ya juya shi ne maganarka cewa ana hukunta ka in ka ƙi aiki. Malaman fiƙihu sun raba ɗan ƙwadago biyu. Akwai mai yi wa kowa aiki, kamar tela: ya ga dama ya karɓa, ya ga dama ya ƙi, ladansa kan aikin da ya gama. Akwai kuma wanda mutum ɗaya ya tsare wa lokaci. Wannan ya cancanci lada da zarar ya miƙa kansa, ko an ba shi aiki ko ba a ba shi ba. Kamfanin da ya kira ka mai zaman kansa, sannan ya yanke maka farashi, ya ƙirga ƙin da ka yi, ya rufe ka a kansa, ya riƙe ikon maigida ya yar da nauyin maigida. A ƙulle-ƙulle ma'ana ake dubawa, ba sunan da aka raɗa ba. Ko alƙalan da ba da fiƙihunmu suke hukunci ba sun gano haka: a 2021 Kotun Ƙolin Birtaniya ta yanke cewa direbobin Uber, wani kamfanin manhajar ɗaukar fasinja, da suka kai ƙara ma'aikata ne, kuma lokacin da suke kan manhaja suna jiran fasinja yana cikin lokacin aiki.

Akwai masu cewa tunda ka danna da yatsanka magana ta ƙare, Musulmi suna kan sharuɗɗansu, hukuma ma ba ta da ta cewa domin Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya ƙi ƙayyade farashi a Madina. Ban yarda da wannan ba. Hadisin sharuɗɗa yana da ƙarshe da suke tsallakewa: sai sharaɗin da ya haramta halal ko ya halatta haram. Sharaɗin da ya ba ɓangare ɗaya damar canza komai a duk lokacin da ya so, ko ya riƙe ladan aikin da aka gama, bai zama adalci don an danna masa maɓalli ba. Mutum yana yarda ne da abin da ya sani; ta yaya zai yarda yau da sharaɗin da ba a rubuta ba sai baɗi? Hadisin farashi kuma ya zo kan tsadar da ba wanda ya ƙulla ta. Ibn Taimiyya da almajirinsa Ibnul Ƙayyim sun bayyana cewa ƙayyade farashi akwai na zalunci, akwai na adalci, kuma sun shigar da ladan ƙwadago a ciki. A 2003, a zamanta na Doha, Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya ta duba irin ƙullin da mai ƙarfi ke rubutawa shi kaɗai, ɗayan ya karɓa ko ya bari. Ta ce mai adalci a cikinsa ingantacce ne, mai sharaɗin zalunci kuwa wajibi ne hukuma ta sa hannu ta gyara. Don haka dokar da ke tilasta wa kamfani ya faɗi dalilin rufe asusu, kuma mutum ne zai yanke wannan hukunci ba na'ura ba, kamar yadda Tarayyar Turai ta tanada a 2024, abu ne da shari'a ke maraba da shi.

Soke tafiya kuwa bai halatta ba. Masu kamfanin ne suka haɗa ka da fasinjan, kamashon wannan haɗin haƙƙinsu ne, kuma zaluncinsu bai halatta maka ha'inci ba. Ka kuma cire fasinjan daga kariyar da ya dogara da ita. Wanda ya san ka da kansa ya kira ka ba ta manhaja ba, wannan naka ne, matuƙar ba ka ɗauki alƙawarin barin hakan ba.

Na ji gajiya a cikin tambayarka. Kada tsoron raguwar makinka a manhaja ya sa ka tuƙi da barci a ido. Ran fasinja da naka amana ne, kuma sallah ba ta jiran manhaja. Kada ka ba wani hayar asusunka, domin fasinja da sunanka da hotonka ya yarda. Ka riƙa adana hoton kowane lissafi da kowace sanarwa, ka shiga ƙungiyar direbobi ku kai kukanku ga hukuma tare. In an rufe ka da kuɗinka a ciki, bashi ne a kansu, ka bi shi ta hanyar doka har ya fito.

Wallahu a'alam.