Inda chkdsk da charmap suke a tsohuwar Windows

Ka tambayi inda za ka sami manhajar gyaran faifan ajiya (chkdsk) da kuma ta haruffa na musamman (charmap) a tsohuwar kwamfutarka mai Windows XP. Dukansu biyun suna cikinta, ba sai ka sauke komai daga intanet ba. Ka danna maɓallin Windows tare da R, ka rubuta charmap a akwatin da zai fito, allon haruffan zai buɗe. Ka zaɓi salon rubutu na Lucida Sans Unicode, domin a nan za ka tarar da ɓ da ɗ da ƙ, waɗanda Arial na wancan zamani ba shi da su. Don gyaran faifai kuwa, ka rubuta cmd a wannan akwatin, sannan ka rubuta chkdsk c: /r a baƙin allon da zai buɗe. Da yake Windows kan faifan C take zaune, za ta nemi izinin yin aikin idan ka sake kunna na'urar.

Sharaɗi ɗaya dai: ka fara kwashe muhimman takardunka zuwa filashi, kuma kada ka soma sai kana da tabbacin wuta, domin binciken kan ɗauki awanni. Ni an taɓa ɗauke mini wuta yana tsaka da aiki, sai da na sake ɗora Windows daga farko.