Amsa ga mai tambaya kan aikin kashin bayan 'yarta

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Na ga tambayarki, an sa wa 'yarki mai shekara 9 ranar aikin gyaran karkacewar kashin baya, za a sa mata ƙarafa, kina tsoron kada wurin ɗinkin ya ruɓe. Allah ya ba ta lafiya. Sau biyu na yi irin wannan zaman jinya, na farko ya ruɓe, na biyu muka fita lafiya.

Ɗana da buɗaɗɗen baya aka haife shi, wani ƙullutu kamar ƙwan kaza a ƙasan gadon bayansa. Yana da kwana 2 aka rufe. Ɗinkin bai fi tsawon yatsa ba daga duburarsa, kuma kin san kashin jarirai. In ya ɓata gefen bandeji sai in goge da tsumma in yi gum, wai kar nas ta yi mini faɗa. Ga 'yan barka, kowa sai ta ɗaga zani ta leƙa ta ce "Allah sarki". A kwana na shida bandejin ya jiƙe da wani ruwa rawaya mai ƙarni, ɗinkin ya buɗe. A asibiti aka raɗa masa suna, muka ƙara sati biyar.

Yana shekara 10 aka yi na ƙarafan. Kafin ranar suka gwada fitsarinsa, don yara irinsa ƙwayoyin cuta na yawan laɓewa a mafitsararsu. Aka samu kuwa, aka ɗage aikin sati biyu. Ranar har kuka na yi, ga kuɗin mota mun kashe. Likitan ya zaunar da ni ya ce ƙwayar cuta in ta samu ƙarfe mannewa take, ta lulluɓe kanta da wani yauƙi da magani ke shan wahalar ratsawa. Sai an sake buɗewa an wanke, wani lokacin har a cire ƙarfen. Daga nan na daina ƙorafi. Saboda haka ko maruru ne, ko ƙazwa, ko ƙurajen zafi a bayanta, ki nuna musu. Kar ki ɓoye don gudun ɗage rana.

Ki fara ɗura mata ƙwai, wake, kifi da madara tun yanzu, ramammen yaro ɗinkinsa ba ya saurin kamawa. Daren aiki da safiyarsa ta yi wanka da sabulu, ta sa wankakkun kaya. Kar kowa ya sa mata reza a baya. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta hana aske wurin aiki da reza a ƙa'idojinta na 2016, don tana barin ƙananan yanka da ido ba ya gani. Allurar kashe ƙwayoyin cuta kuma dab da fara aiki suke yi, galibi cikin awa ɗaya. Bayan sallama kar ki bi kemis kina ƙaro mata kafso da kanki.

Babban yaƙin dai a gida yake. Na ajiye buta da sabulu a bakin ƙofa, 'yan dubiya daga nesa suke gaisuwa. Kakarsa ta zo da man shanu a gwangwani za ta shafa masa, na ce Hajiya ki yi haƙuri, likita ya hana. Sati guda ba ta amsa gaisuwata da kyau ba. Bandeji in ya jiƙe ko ya ɓaci, a take nake kai shi a canja, ban ƙara gogewa da tsumma ba.

Ki sayi ma'aunin zafi. In ya kai 38, ko wurin ya yi ja ya kumbura, ko ciwo ya riƙa ƙaruwa, ko wani ruwa na tsattsafowa ko da fari ne tas, ku koma a ranar, ko da tsakar dare ne. Mai ƙarfe a jiki har wata uku ana sa masa ido sosai, don haka ko an cire zare ki ci gaba da duba bayan kullum bayan wanka.