Amsar tambayar Anti kan ciwon kai bayan cin kifi

Assalamu alaikum. Anti, ina wuni? Yanzu na saurari saƙonki. Kin ce yarinyar ta ci kifin Taitus da daddare, ba a jima ba fuskarta ta ɗauki zafi, kai ya hau sara mata, zuciya na dukan uku-uku, aka ba ta Piriton ta samu sauƙi ta ɓingire da barci. Kina tsoron ko hawan jini ne. To a auna mata jinin dai, amma yadda kika kwatanta, ya fi kama da aikin wani sinadari da ake kira histamin.

Shi wannan sinadarin jikinmu ma yana yin sa. Shi ne ke kawo ƙaiƙayi in sauro ya ciji mutum, shi ne a borin jini. Amma kifi irin su Taitus da tuna da sadin, in suka rasa sanyi, misali aka ɗauke wuta firiza ta saki, ƙwayoyin cuta sai su tara histamin a tsokar. Kuma Anti, suya ba ta kashe shi, dahuwa ba ta kashe shi. Kifin ma ba lallai ya yi wari ba.

To me ya haɗa shi da kai? In ya shiga jini, akwai wasu ƙofofi a bangon jijiyar jini da yake ƙwanƙwasawa, likitoci na ce musu H1 da H2. In ya taɓa H1 ta ciki, bangon sai ya saki wani abu, naitirik oksaid, naman da ya zagaye jijiyar ya saki jiki, jijiya ta buɗe. H2 ma buɗewar take sawa. Shi ya sa fuska ke zafi, jini ma kan sauka ne maimakon ya hau, zuciya ta ƙara gudu don ta cike giɓin.

Abin da mutane ba su sani ba, ƙwaƙwalwa ita kanta ba ta jin ciwo. Tantanin da ya lulluɓe ta da manyan jijiyoyin jinin wurin su ne masu jin zafi. Histamin kuma ba buɗe jijiya kawai yake yi ba, har jijiyoyin jin zafin da ke kewaye yakan tsokana. Sai kowane bugun zuciya ki ji shi a ka, dam, dam. A Denmak a 1995 an sa wa masu ciwon ɓarin kai histamin ta jijiyar jini, ciwon ya tashi, waɗanda aka fara ba maganin toshe H1 kuwa ya kare su.

Barcin kuma, kar ya dame ki. A cikin ƙwaƙwalwa akwai histamin ɗinta daban, aikinsa ya riƙe mutum a farke. Piriton yana ratsawa har can ya toshe shi, sai gyangyaɗi. Wasu magungunan toshe histamin, irin su loratadin, ba sa shiga sosai.

Sai dai don Allah, 'yan uwa da ke saurare, kada a mai da Piriton maganin kowane ciwon kai. Yawancin ciwon ɓarin kai ba ya jin sa. Mai shan maganin tarin fuka kuma, isoniyazid, ya yi hattara da irin kifin nan, don maganin yana hana hanji narkar da histamin.

In numfashi ya fara sarƙewa, ko leɓe da harshe suka kumbura, ko ta suma, ko ciwon kan ya zo da zazzaɓi da sanƙarewar wuya, asibiti kai tsaye, ko ƙarfe nawa ne.

Anti, ki tambaya min, wa da wa suka ci kifin nan a gidan? In wani ma ya ji haka, to daga kifin ne, ku zubar da sauran. In kuwa ita kaɗai ce, kuma ta saba yin haka duk sanda ta ci kifi, ta dakata da shi har likita ya gan ta. Allah ya ƙara sauƙi, a gaida Baba.