Amsa ga 'yar uwar da ɗanta ke gyangyaɗi a kan littafi bayan isha'i

Wa alaikumus salam 'yar uwa. Tun jiya na ga tambayarki, na bari ne sai na samu zama don maganar ba ta layi biyu ba ce. Kin ce yaronki ɗan SS2 ne, ya dawo boko ƙarfe biyu, ya tafi islamiyya huɗu zuwa shida, bayan isha'i in ya ɗauki littafi sai gyangyaɗi, kullum yana shan bulala a makaranta don bai yi asamen ba, kin rubuta masa taimtebul kin manna a bango ko sati bai yi ba ya watsar. Na ga wasu sun ce ragwanci ne, wasu sun ce ki ƙwace waya, wata ma ta ce ki ƙara masa lesin. Ni dai don Allah kar ki ƙara lesin ɗin nan tukun.

Na koyar a sakandare shekara tara, ga nawa yaran huɗu a gida, amma wallahi sai da abin ya zo kan babbar 'yata na gane inda gizo ke saƙa. Wata rana wajen goma na dare na leƙa ɗakinsu, an ɗauke wuta, fitilar cajin ta yi ja ta kusa mutuwa, na same ta a kan tabarma ta kifa kai a kan littafin lissafi, biro a hannu, ta fara rubuta amsa barci ya kwashe ta biron ya ja layi tun daga tsakiyar shafi har ƙasa. Da faɗa na shigo amma na kasa. Washegari na zauna na lissafa ranarta tun daga asuba: shara, wanke-wanke, shirya ƙanne, boko, ta dawo ta ɗora girkin dare ko ta kai markaɗe, islamiyya, ta dawo ta kwashe tuwo. Ashe mu muka cinye mata duk lokacin da kanta ke da ƙarfi, muka bar wa karatu ragowar da ba ta da amfani, sannan muna cewa ba ta da himma.

To abin da na canza na farko, na daina rubuta mata jadawali da agogo. Wannan na "7:00 zuwa 7:45 Turanci, 7:45 zuwa 8:30 Kimiyya" a gidajenmu ba ya tafiya, baƙo ɗaya ya yi sallama ko babansu ya ce a sayo masa kati shikenan ya rushe, yaro kuma in ya ga ya rushe sau biyu sai ya fita daga ransa. Sai na ɗaura komai a jikin salla, don ita ce ba ta gocewa kuma ladan ne zai tuna masa, ba sai kin yi ta ɗaga murya ba.

Bayan asuba shi ne lokaci mai tsada. Hausawa suka ce da sanyin safiya ake kama fara, kuma malamanmu na allo ba wawaye ba ne da suke sa hadda a wannan lokacin. Minti talatin zuwa arba'in kawai, kafin a fara shirin makaranta, gida shiru, waya ba ta fara ƙara ba. Mu mun raba shi, rana ɗaya hadda rana ɗaya darasin da ya fi ba ta wuya, a wajenta lissafi ne. Amma fa wannan ba zai yiwu ba sai an kwanta da wuri, likitoci suna cewa masu shekarunsa suna bukatar barcin awa 8 zuwa 10, wanda ya kai sha biyu yana latsa waya ko ya tsaya gidan kallo ranar Talata da Laraba ana ƙwallon zakarun Turai, kin tashe shi da asuba ma gawa kika tasa.

Sai tsakanin dawowa boko da la'asar. Nan ne wurin asamen, ba dare ba. Ya ci abinci, ya ɗan miƙe minti ashirin, sannan ya buɗe jaka tun abin da malam ya faɗa a aji bai bar kansa ba, ga hasken rana kyauta ba ruwansa da wuta. Awa ɗaya ta isa yawancin ranaku. Kuma a nan ne aikin yake kanki ba kansa ba, don a wannan awar ba aike. Ba "tashi ka sayo min magi", ba "duba wa ke sallama". Ni da kaina na fi kowa karya dokar nan a satin farko, bakina ya saba, sai na kira sunanta sannan na tuna. Ƙarshe sai na koma haɗa duk aiken rana a yi shi sau ɗaya bayan an taso islamiyya, na kuma raba wanke-wanke da ƙannenta maza, kakarsu ta yi ta mita wai na mai da maza mata, na ce Inna a yi haƙuri.

Bayan isha'i abu mara nauyi kawai, ya duba darussan gobe, ya haɗa jaka, ya biya karatun islamiyya, ya kwanta.

Wani abu kuma da na lura da shi tun ina aji, yara da yawa ba ƙin yin asamen suke ba, mantawa suke an bayar, ko su tuna da safe a kwafa na wani a gurguje kafin asambili. Ki saya masa ƙaramin littafi, duk aikin da aka bayar ya rubuta darasin da ranar da za a karɓa. In ya dawo kar ki tambaye shi "an ba ku aiki?" don amsar a'a ce kullum, ki ce kawo littafin mu gani. Wanda za a karɓa gobe shi ne farko, babba kuma irin wanda ake ba da sati guda a yanka shi kashi uku ko huɗu. Ko da ba ki san darasin ba ba komai, kwanan wata kawai za ki duba. Kuma ki nuna masa makin nan na asamen da tes ana tara shi ne a haɗa da na jarabawar ƙarshen zango, yara da yawa ba su ɗauke shi a bakin komai ba sai sun ga sakamako.

Tunda SS2 yake, ki fara tuna masa abin da ke gaba ba tare da tsoratarwa ba. Shekara mai zuwa ga JAMB, tambaya 180 cikin awa biyu a kwamfuta, wato ko minti ɗaya ba ta kai wa kowace tambaya ba, ga WAEC wajen Mayu da Yuni, NECO na biye da ita, kuma jami'a sai da kiredit biyar har da Turanci da lissafi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Idan islamiyyarsu irin tamu ce da ake hutu Alhamis da Juma'a, yammacin ranakun nan biyu ya ɗauki tsofaffin tambayoyi ya ajiye agogo a gabansa ya gwada kansa, ashirin cikin kwata ɗaya, ya saba da gudun tun yanzu. Asabar da yamma kuma ki bar masa ƙwallonsa, in kika toshe ko'ina ta bayan gida zai ɓulle.

Maganar waya, ban ƙwace ba, na gwada sau ɗaya sai aka koma aron ta maƙwabta. Tana kwana a ɗakina dai, ana karɓa bayan an gama aikin rana.

Ba zan ce miki abin ya gyaru a sati ɗaya ba, mun kusa cinye zango guda muna faɗi-tashi, azumi ya zo ma ya hargitsa komai sai da muka mai da karatun bayan sahur. Kuma in kin gyara lokacin kin ga har da rana yana gyangyaɗi ko yana matse ido in yana karatu, ki kai shi a duba idonsa da jininsa, na taɓa samun ɗaliba da muka yi ta kira malalaciya ashe allon ne ba ta gani daga bayan aji. Ki ɗan faɗa min ƙarfe nawa yake kwanciya, kuma shi kaɗai ne babba a gidan da ake aike ko akwai wasu?